An ce karyata na da ciwon daji a nono: in yi mata aiki ko in haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina zaune a Arkilla, cikin Sakkwato. Ina da karya mai yi mana gadin gida shekara 9 ke nan, tun tana 'yar kwikwiya na ɗauko ta. Wata uku da suka wuce na ga ƙullutu kamar gyaɗa a nononta na baya, yanzu ya kai lemun tsami. Wanda ya duba ta ya ce daji ne, sai aiki. Maƙwabta sun ce in kai ta bayan gari in saki, wai ai kare ne. Raina ya ƙi. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sannu da wannan damuwa. Dabbar da ta shekara 9 tana kwana a ƙofar gidanka kana barci, ba abin kunya ba ne ranka ya sosu dominta. Maganar saki a bayan gari kuwa, don Allah ka cire ta a ranka. Yunwa da ƙishi da ƙudaje ne za su kashe ta a hankali.

Ido da hannu kaɗai ba sa tabbatar da daji. Kusan rabin ƙullutun da ke fita a nonon karya ba mugun iri ba ne, idan aka cire shi ke nan. Sai an kai tsokar ɗakin gwaji an duba ta a madubin likita ake sanin irinsa. Amma saurin girman da ka faɗa, daga gyaɗa zuwa lemun tsami cikin wata uku, ya sa ba na son ka jinkirta. Wanda bai kai santimita 3 ba shi ya fi kyan ƙarshe, naka kuwa ya kai nan ko ya wuce.

Ka kai ta asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ka nemi abu biyu kafin a yi maganar wuƙa: hoton ƙirji da gwajin jini. Dajin nono idan zai bazu, huhu yake yawan nufa. Jinin kuma zai nuna ko hanta da ƙodarta za su ɗauki allurar barci. Kafin ka tafi, ka kwantar da ita a inuwa ka bi nonuwan duka da yatsa, yawanci goma ne, biyar a kowane gefe, don sau da yawa akan tarar da wani ƙarami ya ɓuya. Wanda ke motsi ƙarƙashin fata ya fi sauƙi a kan wanda ya manne da nama.

Idan huhu lafiya lau, ni dai shawarata a yi aikin. Shi ne babban maganin wannan ciwo, kuma tsufa kaɗai ba ya hana shi. Allurar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, ba ta cika yin tasiri a dajin nono ba, kada ka zuba kuɗinka can sai likita ya nuna maka dalili. Inda take aiki sosai shi ne wani daji daban da muke yawan gani a karnukan da ke yawo, mai fitowa a al'aura yana ɗigar jini, wanda suke ɗauka wajen barbara. Shi wannan, allurar kemo mai suna binkiristin sau ɗaya a mako, mako 4 zuwa 6, tana warkar da mafi yawansu. Nata na nono ba ya yaɗuwa zuwa ga yaranka ko wasu karnuka, ka kwantar da hankalin iyali.

Idan kuma hoto ya nuna ya kai huhu, ko kuɗin aikin ya fi ƙarfinka, ba ka yi laifi ba idan ka zaɓi lallaɓa ta. Likita zai rubuta maganin zafi na karnuka. Kada ka ba ta diklofenak ko aibufurofen na mutane, suna huda musu ciki su lalata ƙoda. A zafin Sakkwato kuma, ƙullutun da ya fashe kwana ɗaya ya ishi ƙuda ya zuba masa ƙwai, sai tsutsa. A riƙa wankewa da ruwan gishiri mai ɗumi safe da yamma, a rufe da tsumma mai tsabta, ruwan shanta kada ya yanke.

Ka riƙa lura da ita kullum: tana ci? Tana tashi ta tarbe ka? Tana numfashi ba haki? Ranar da waɗannan suka tafi, ka zauna da likitanta ku yi maganar allurar da ke ɗauke rai ba tare da azaba ba, ka kuma tambayi malamin da ka amince da shi don zuciyarka ta natsu. Amma ba mu kai can ba tukuna. A cikin makon nan ka fara da hoton ƙirjin. Allah ya ba ta sauƙi.