Nissan Leaf: ta gwanjo ko ta hannun dila?

Malam, ka tambaya ko motar lantarki Leaf ta gwanjon Amurka za ka saya ko ta hannun dila. Ni dai dila zan bi, don ka ga mota da idonka. Motocin gwanjo irin na kamfanin Copart yawanci waɗanda suka yi haɗari ne, wasu ma ambaliya ta ci su, kuma hoto ba ya nuna lafiyar batir.

Kafin ciniki, kunna ta ka ƙirga sandunan lafiyar batir a allon gaban direba. Sabuwa 12 take nunawa. Wadda na duba a Sabon Gari 8 suka rage, da ƙyar ta kai Kaduna, balle ta dawo. Batirin Leaf ta kafin samfurin 2026 ba a sanyaya shi da ruwa, zafin bazararmu kuwa ka san shi.

Duba cajar ma. Wutar gidan Amurka volt 120 ce, tamu 230, kada ka soka kai tsaye.