Tambaya da Amsa: Wace wuƙar aljihu ce za ta jure aikin kasuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam ni ina aiki ne a wani sito a kasuwar Dawanau, tun safe har magariba ina yankan igiya, farke ɗinkin buhu, yankan kwali da robar ɗauri. A shekarar nan kaɗai wuƙa mai ninkewa uku na kashe, ɗaya ta karye a tsini, ɗaya ta fara girgiɗi kamar haƙori zai fita, ta ukun kuma ta rufe min a yatsa sai da aka min ɗinki. Dan Allah wace iri zan saya da za ta daɗe? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi, ya kiyaye gaba. Ta ukun nan ita ta fi tayar min da hankali, don haka da ita zan fara.

Kaga wuƙa mai ninkewa tun daga masana'anta a rabe take gida biyu, ƙarfen yanka daban, mariƙi daban, ƙusa ɗaya ce tal ta haɗa su. Toh duk ƙarfinta da rauninta yana wajen wannan gaɓar da kuma abin da yake kulle ta in an buɗe. Mutane suna zuwa kasuwa su yi ta duba ƙyalli da zanen damisa a jikin mariƙi, ba wanda yake duba makullin, alhali shi ne tsakaninka da asibiti. Akwai wadda ba ta da makulli sam, sifirin ne kawai yake riƙe ta, irin yawancin ƙananan Victorinox na ƙasar Suwizalan masu jan mariƙi, wuƙaƙe ne masu kyau wallahi amma na feƙe fensir da yanka lemo ne, ba na mai soka tsini a bakin buhu sau ɗari a wuni ba. Akwai mai ɗan siririn ƙarfe daga cikin mariƙi wanda yake tsallakowa ya tokare wuƙar in ta buɗe, wannan in kamfanin kirki ne ya yi yana riƙewa sosai, amma a na jabu ƙarfen siriri ne kamar gwangwanin madara, kana murɗa hannu sai ya zame, kuma inaga irinta ce ta cije ka. Sai mai makulli a gadon baya, wadda sai ka danna wani wuri a bayan mariƙin kafin ta ninke. Ita nake so ma mai aiki irin naka. Kamfanin Buck na Amurka ne ya yi suna da ita tun 1964 da ya fito da Buck 110, kuma har yau ana ƙera ta kusan yadda take, tsawon bakinta wajen santimita 9.5, sai dai tana da nauyi, ta kai giram 200, in ka sa ta a aljihun kaftani za ta ja shi ƙasa, kube ake mata a ɗamara.

In ka je saye kar ka ji kunyar mai shago, buɗe ta har ka ji ta ce ƙas, sai ka riƙe bayan ƙarfen da yatsu biyu ka girgiza hagu da dama, sannan sama da ƙasa. Motsin gefe kaɗan ana iya gyara shi in gaɓar noti ce, a ɗaure. Amma motsin sama da ƙasa makullin ne bai zauna ba, ajiye masa kayansa kawai. Daga nan ka janye yatsunka daga hanyar bakin, ka danna bayan wuƙar a jikin katakon benci da ɗan ƙarfi ka gani ko za ta sake. Ka ninke ta ka leƙa ciki, bakin ya kwanta a tsakiya ne ko yana gogar gefe ɗaya. Minti biyu ne duka, kuma zai raba ka da rabin tarkacen da ke kan teburin.

Wani abu kuma da 'yan talla a intanet ba za su faɗa maka ba, yanzu ana yayin wuƙaƙe masu boris a gaɓa, waɗanda da ka taɓa su da ɗan yatsa sai su buɗe fat. Daɗin wasa gare su, amma kai da kake cikin ƙurar gero da masara, ga ta hunturu ta zo ta ƙaru, boris ɗin cika yake da datti ya fara ƙarar yashi. Mai wosha ta tagulla a gaɓa ta fi haƙuri da ƙura nesa ba kusa ba.

Sai maganar ƙarfe, kuma anan ne ake cin kuɗin mutane. Ƙarfen kabon, wato wanda ba a haɗa masa sinadarin hana tsatsa ba, yana ɗaukar kaifi da wuri kuma kowane dutse yana wasa shi, matsalarsa tsatsa, in damina ta yi ko ka yanka mangwaro ka mayar aljihu ba ka goge ba, gobe za ka ga ya yi ja. Wanda ake kira sitenles kuma an zuba masa sinadarin kiromiyom sama da kashi 10 cikin 100, shi ya sa ba ya saurin tsatsa. Amma fa in ka ga an rubuta sitenles kawai a jikin wuƙa ba lamba ba sunan kamfani, yawanci ƙarfe ne mai laushi, igiya biyar ta dakushe. Nemi wadda aka rubuta lambar ƙarfenta, kamar 420HC, AUS-8, 8Cr13MoV ko 12C27, duk matsakaita ne, suna riƙe kaifi daidai gwargwado kuma za ka wasa su da kanka cikin minti biyar. Akwai D2 da ake ta zuzutawa, gaskiya ne yana daɗewa bai dakushe ba, amma ranar da ya dakushe za ka sha wuya a kan dutsen gida, kuma da yake kiromiyom ɗinsa wajen kashi 12 ne da kabon mai yawa, shi ma yana iya ɗigon tsatsa. Ni a ganina mai yankan igiyar da ta sha ƙasa ba ya buƙatar ƙarfen da ba ya dakushewa, don babu shi, yashi yana cin kowane ƙarfe. Wanda zai dawo da kaifi da sauri shi ne naka.

In kuɗin bai kai na Buck ba, akwai tsofaffin wuƙaƙen talaka da suka yi shekaru suna aiki a nahiyar nan. Okapi tun 1902 aka fara ƙera ta a Solingen ta Jamus don kasuwar Afirka, a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu, ita ce mai zobe a baya wanda sai ka ja shi take rufewa. Ƙarfen kabon ne, sau da yawa ba ta zuwa da kaifin kirki sai ka wasa, kuma jabunta sun yi yawa, don haka gwajin nan na girgizawa dole ne. Opinel ta Faransa kuma tun 1890 take, mariƙin katako, a 1955 suka ƙara mata zoben da ake murɗawa ya kulle ta. Da lamba ake bambanta girmanta, lamba 8 bakinta santimita 8.5 ne, lamba 9 kuma santimita 9. Wajen yanka kam ba ta da wasa saboda bakinta siriri ne, ga ta ba nauyi, amma in katakon ya sha ruwa kumbura yake ta ƙi buɗuwa sai ya bushe.

Wadda ta karye maka a tsini kuma, ɗan'uwa ka yi haƙuri, kusan kullum ɓamɓare abu ne yake jawo haka, buɗe murfin gwangwani, cire ƙusa, ko kwance noti. Ko ta dubu nawa ce za ta karye. Ka ajiye tsohuwar sukudireba a sito don wannan. Kwali ma in yana da yawa ka sayi 'yar wuƙar reza mai canza baki, kwali yana cinye kaifi fiye da yadda ake zato.

Wajen wasawa ka jiƙa dutse, ka kwantar da bakin wajen digiri 20, wato ka ɗaga bayan wuƙar kaɗan daga dutsen, ka yi ta turawa gefe ɗaya har ka ji wani ɗan gashin ƙarfe ya taso a ɗaya gefen in ka shafa da babban yatsa daga baya zuwa baki. Sai ka juya ka yi haka, sannan ka goga a jikin fata irin yadda wanzami yake yi wa aska. Ran Juma'a ka busa ƙurar gaɓar, ɗigo ɗaya na man keken ɗinki, shikenan. Kuma in an tashi kasuwa ka bar ta a sito ko cikin jakar kayan aiki, ka san halin da ake ciki da maganar daba a gari, ba sai ka tsaya dogon bayani a shingen jami'an tsaro ba.

TAMBAYA: Kakana ya bar min wata siririyar wuƙa mai mariƙin farin ƙarfe, an zana tambarin Agadas a jiki an rubuta El Baraka. Ta aiki ce ko ta ajiya? Daga wata mai karatu a Damagaram.

AMSA: Hajiya kin gaji abu mai kyau. Ƙanwar Douk-Douk ce, wadda kamfanin Cognet yake ƙerawa a garin Thiers na Faransa tun 1929. Ta asalin akwai hoton wani dodo mai siffar mutum a mariƙi, sai aka yi wannan da tambarin Agadas don kasuwar Musulmi. Tana da kaifi sosai kuma sifirin ɗinta yana da ƙarfi, amma ba ta da makulli, in za ki rufe ta ki kawar da yatsu don da ƙarfi take faɗawa. Za ta yi miki aikin gida da kyau, ki dinga goge ta ki shafa ɗan mai bayan kin gama.

TAMBAYA: Zan iya yanka ragon layya da wuƙa mai ninkewa in tana da kaifi? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Kar ka yi. Bakinta gajere ne, za ka wahalar da dabba, kuma jini da kitse suna shiga gaɓar su sa mariƙi santsi, makulli ya ƙi zama. Je wajen maƙeri ko 'yan wuƙa a kasuwa ka sayi doguwa wadda ƙarfenta ya ratsa har ƙarshen mariƙi, ka wasa ta tun jajibere ba a gaban ragon ba.