Ofis a PZ ba zai gyara jakar takardunka ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni wakilin inshorar rayuwa ne a Tudun Wada, Zariya. Shekarata uku a aikin, ina da kwastomomi wajen 80. Takardu sun yi mini yawa: fom, rasit, jadawalin kuɗin zubi, wasu a jaka, wasu a durowa, wasu a WhatsApp. Na tara naira dubu 600, ina so in kama ofis a PZ, unguwar kasuwanci a nan Zariya, don manyan mutane su fara zuwa wurina. Ta ina zan fara?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce "wajen 80". Nan na tsaya. Mutumin da ke riƙe da amanar iyalan mutane bai kamata ya ce "wajen" ba. Ko 78 ne ko 83, ya kamata ka sani kamar yadda ka san yawan 'ya'yanka. Ka ajiye maganar PZ tukuna. Ba ka da rajistar kwastomominka, ciwonka ke nan.

Na san wani wakili a Sabon Gari, mai bakin ciniki, kowa na sonsa. Wani malamin makaranta ya yi shekaru yana zubi ta hannunsa. Da Allah ya yi wa malamin rasuwa, matarsa ta gama takaba ta zo da ƙanin mijin. Kamfani ya ce akwai watannin da bai ga kuɗinsu ba. Ina wurin wakilin ya zazzage jakarsa a ƙasa yana tono. Ya samo rasit ɗin POS, amma sun koma farar takarda fes, rubutun ya goge, don irin wannan takardar ba ta jure zafi da daɗewa. Wayar da ya ɗauki hotunansu kuma an sace ta tun bara. Matar ba ta ce komai ba, kallonsa kawai take yi. Mutumin nan bai ci kuɗin kowa ba, na yarda da shi har yau, amma a unguwa sunan ɓarawo ya ɗauka, kwastomominsa suka watse.

Tun dokar inshora ta 2003 ƙa'idar a fili take: sai kuɗin zubi ya shiga kariya take tabbata. In kwanakin rangwamen da yarjejeniya ta bayar suka wuce ba a biya ba, inshorar za ta iya faɗuwa. Kai ne za ka tuna wa mutum, kuma ba da ka ake tunawa da mutum 80 ba.

Saboda haka ka sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi. Kowane kwastoma shafinsa: lambar yarjejeniya, ranar zubi, nawa yake bayarwa, wanda ya rubuta a matsayin mai karɓar kuɗin in ya rasu, da lambar wayar wani nasa. Sannan kowa fayil ɗinsa daban. Duk rasit ɗin da ya shigo, a yi masa fotokwafi a ranar, a liƙa. Ka zauna da mutum ɗaya-ɗaya ka duba abin da ya cika a fom shekara uku da suka wuce. Wani ya ƙara aure, wani wadda ya rubuta ta rasu, wani sunan da ke fom ya saɓa da na katin ɗan ƙasa. Harafi ɗaya a suna yana iya sa marayu zirga-zirga na watanni.

Takardun da kake dubawa kullum kuwa, ka raba su da na kwastomomi, su zauna kusa da hannunka. Jadawalin kuɗin zubi na yanzu kaɗai zai kasance a tebur. Tsohon ka ja masa jan biro ka kai shi ƙasan kabad, kada ka faɗa wa mutum farashin bara ka dawo kana ba shi haƙuri. Ka ajiye shaidar rajistarka ta NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa, inda ido zai gani. A Zariya kuma ka san tambayar farko: ya halatta? Hukumar ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, tun 2013. Ka karanta su, ka san bambancinsu da abin da kake sayarwa, ka faɗi gaskiya. Haka dokar fansho ta 2014, wadda ta wajabta wa wuraren aikin da ta shafa su yi wa ma'aikaci inshorar rayuwa ta aƙalla ninki uku na albashinsa na shekara. Masu makarantun kuɗi a Samaru da Kongo za su saurare ka in ka buɗe musu shafin suka gani da idonsu.

Kabad ɗin ya zama na ƙarfe mai makulli, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da ruwan damina. Makullin a aljihunka, ba hannun yaron shago ba, don cikin fayilolin nan akwai sirrin lafiyar mutane da dukiyarsu.

Yi lissafi. In kowa na zuba dubu 5 a wata, dubu 400 ke nan. Goma su zame saboda ba ka kira su ba, dubu 50 ta tafi duk wata, kamashonka ya bi ta. Manyan mutanen da kake hange ba kujera suke kallo ba, tambaya suke yi wa ka taɓa tsaya wa har aka biya magadansa.

Ka bar kuɗin ofis a banki. Ka gama rajistar, ka sake rubuto mini da ainihin adadin kwastomominka da yawan waɗanda zubinsu ya tsaya, sai mu yi maganar PZ.