Másolat ko másodlat: wace takarda ake nema a Hangari?

Tambaya: Malam, na samu gurbin karatu a Debrecen, wani birni a Hangari, ƙarƙashin tallafin gwamnatin ƙasar mai suna Stipendium Hungaricum. An ce in kawo "certified copy", sai na ga másolat a wani fom, másodlat a wani. Ga shi ruwa ya cinye min shaidar digiri bara. Mai shagon kwamfuta ya ce zai buga min "duplicate" har da hatimi. Wallahi na kasa barci.

Amsa: Kwantar da hankalinka, ƙanena, amma kada ka sake taka shagon nan.

Copy a harshensu másolat ne, photocopy kuma fénymásolat, don fény haske ne. In ka ga két példányban, fom ɗin ake so ka cike guda biyu. Abin da aka nema a wurinka, wato certified copy, hiteles másolat ne, kwafin da mai ikon shaida ya ajiye gefen asalin takardar, ya duba layi-layi, ya sa hannu da hatimi. A can közjegyző, wato notary mai shaida takardu, shi ne mai wannan aikin.

Inda yaranmu suke faɗawa rami shi ne duplicate. Kusan kullum sai an zo min da maganar, wai ai duk kwafi ne. Ba haka ba ne! Harafin d ɗaya ya raba másolat da másodlat, kuma shi ne dukan zancen. Másodlat daga másod take, wato na biyu: takarda ce sabuwa wadda makarantar da ta ba ka ta farko kaɗai za ta fitar daga rajistarta, ta tsaya a madadin wadda ta ɓace. Mai shago ba shi da rajista, firinta gare shi da hatimin roba da aka sassaƙa a bakin kasuwa. Abin da zai miƙo maka sunansa hamisítvány, jabu ke nan, kuma amfani da takardar hukuma ta jabu laifi ne da dokar Hangari ta tanadar wa ɗaurin da zai iya kai shekara 3. Abin da yake ƙona min rai, digirin naka ne, da guminka ka same shi, amma saboda gaggawar mako biyu wani zai mai da kai maƙaryaci a ƙasar mutane, shi yana zaune yana ƙirga kuɗinsa. Ku ji tsoron Allah, masu shaguna.

Gobe da safe ka yi takardar rantsuwa a kotu, ka kai ofishin rajistara na jami'arku. Za su yi ta yi maka "dawo gobe", ka daure. Kafin nan, ka rubuta wa Debrecen ka gaya musu ruwa ya lalata ta asalin, ka tambaye su abin da za su karɓa kafin sabuwar ta fito.