Amsa ga amaryar da ke son ado da kayan kakanni

Wa alaikumus salam, amaryarmu. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana ranar lafiya.

Kin ce biki saura wata huɗu, kina so a ƙawata wurin kamu da na walima da kayan hannu da tsofaffin kayan gida maimakon balo-balo da furen roba da za a kwashe a zuba a bola washegari, amma kina tsoron kada dangin ango su ce babu ce ko rowa. Ni na riƙe irin wannan aiki a bikin ƙanwata, na sake riƙewa a na 'yar yayata, don haka bari in faɗa miki yadda abin yake idan an zo yi, wanda ya sha bamban da yadda yake fitowa a hoto.

Kada ki fara da kasuwa. Ki fara da ɗakin tsofaffi. Ki shirya takanas ki je gaida kakarki, da gwaggonninki, da duk wata inna da aka yi wa jere kafin zuwan kayan tangaran da na gilashi. Ki tafi da goro ko ɗan turare, ki zauna a yi hira, kada ki shiga da maganar aro tun daga bakin ƙofa. Abin da za ki tarar a ƙarƙashin gado da saman kabad zai ba ki mamaki: langa mai murfi da zanen fure, samira, kwalla, tasoshin tagulla da suka yi baƙi don rashin taɓawa, akushi, adudu, faifan da aka saƙa da hannu tun ba a haifi mahaifiyarki ba, da zannuwan saƙi da gwado a ƙasan akwatin ƙarfe. A zamaninsu waɗannan kwanuka su ne dukiyar mace. Ana jera su ɗaya kan ɗaya har su doshi rufin ɗaki, kuma ba a cin abinci a yawancinsu, shi ya sa za ki samu wasu ko ƙwarzane babu. Idan kina Kano kuma ba ki taɓa ganin yadda ake tsara su ba, ki leƙa Gidan Makama, akwai inda aka jera ɗakin amarya irin na da. Kallon minti goma a wurin ya fi miki hotunan intanet ɗari.

Tun a nan akwai abin da za ki tantance: kayan na wane ne. Idan mai su tana raye, magana ta ƙare, izininta kawai. Idan kuwa ta rasu kuma ba a raba gado ba, to ba na wadda ke ajiye da su ba ne ita kaɗai, sai an ji ta bakin sauran magada. Na ga inda tasa guda ta haddasa gaba tsakanin 'yan'uwa har bayan suna, saboda an ɗauka an kai wurin biki, ɗaya ta hango ta a hoto, ba wanda ya tambaye ta.

Shawarata mafi girma ita ce ki tara ƙarfinki a wuri ɗaya. Kayan gado ba su da yawan da za su cika babban ɗakin taro, kuma idan kika warwatsa su, langa a wannan tebur, ƙwarya a wancan, sai su koma kamar an manta ba a kwashe kwanuka ba. Wurin zaman amarya shi ne inda ido yake, shi ne kuma inda mai hoto zai wuni. A na ƙanwata mun shimfiɗa tabarmin kaba sababbi, muka ɗora tsohon gwadon kakarmu a tsakiya, tumtum na fata biyu, bayanta kuma muka rataya zannuwa. Dama da hagu muka jera langa daga babba zuwa ƙarama, ƙore masu zane a kan gammo don kada su gangara, tasoshin tagulla cike da dabino da goro da alawa, kasko na ci da turaren wuta a gefe. Sauran fili kujeru ne kawai da tsafta. Ba wanda ya ce wurin ya yi fayau, domin duk wanda ya shigo can gaba idonsa yake tafiya.

Maganar zannuwa tana son natsuwa, a nan aka fi yin ɓarna. Tsohon saƙi zarensa ya gaji. Kada a buga masa ƙusa, kada a sa masa gam, kada mai ado ta zo da abin harba ƙarfen nan ta bi shi da shi. A ɗaura gora ko igiya mai kauri, a ninka zanen a kai ya sauko da nauyinsa. Kada a jiƙa shi da omo ana gobe biki. A fito da shi tun da sati biyu, a baza a inuwa ya sha iska, a turara shi, warin akwati zai tafi. Wanda asu ya ci a gefe a ninke wajen ciki. Wanda kuwa kika ɗaga kika ji yana neman yagewa, ki mayar da shi inda kika ɗauko, ba na biki ba ne.

Idan zannuwan gida ba su isa ba, ki sayi farin yadi na auduga ki kai marina. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake lissafa kafuwarta tun 1498, har yau da baba da toka ake haɗa ruwan rini, kuma suna yin na ɗauri mai zane iri-iri. Ki ba su lokaci, rini ba ya son gaggawa. Abu biyu game da baba: yana zuba, musamman sabo, don haka ki goga masa jiƙaƙƙen farin ƙyalle ki gani kafin ki bari farin leshi ko mayafin wata ya jingina da shi; sannan yana shanye haske, idan bayan amarya duk shuɗi ne mai duhu hoton zai fito dishi-dishi. Ki sa zane mai haske a tsakiya daidai bayan kanta, masu duhun su zauna a gefe, kuma ki gaya wa mai hoto tun da wuri ya zo da fitilarsa.

Tagulla ba ta da wuyar gyara. Ki jiƙa tsamiya, ki goga da ita haɗe da toka mai laushi, ki ɗauraye, ki tsane da busasshen ƙyalle nan take, in ba haka ba ruwan zai bar tabo. Lemun tsami da gishiri ma suna yi. Soson ƙarfe dai a'a, yana cinye zanen. Langar da fentinta ya ɓantare ta yi tsatsa ki ajiye ta a jere ta yi ado, amma kada a zuba abinci a ciki. Ƙwarya kuma ba ta son rana mai zafi, tsagewa take yi. Wadda ta riga ta tsage, in kin dace da gyartai ya ɗinke miki, ɗinkin nan kansa kyau yake ƙara mata. Idan kika shafa alli a cikin zanen kika goge saman, zanen zai fito raɗau.

Sai bayan kin san abin da ke gida za ki shiga kasuwa ki cike giɓi. Kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, nan ne matattarar faifai da mafici da kayan fata da tagulla, har da irin na Bida. Amma ki sani masu sayarwa sun saba da baƙi masu neman tsohon kaya, kuma akwai sabon da ake turara wa hayaƙi ya yi kama da tsoho don a ninka kuɗi. Ke ba gidan tarihi za ki buɗe ba. Sabon faifai da wata mata ta saƙa a ƙauye watan jiya ya biya miki buƙata, kuɗin kuma ya shiga hannun mai sana'a. Tabarma da tulu da ƙwarya sun fi sauƙi a kasuwannin da ke ci mako-mako, irin ta Wudil ranar Juma'a. Wani wurin da mutane ba sa tunawa shi ne wajen 'yan gwangwan. Idan tsohuwa ta rasu, sau da yawa can kwanukanta suke ƙarewa, a auna a kilo. Mun tsinci tasoshi masu kyau a irin wurin, wanki kawai suka nema.

Kin ambaci fure. Furen ƙasarmu na gaske ba ya jure zafin wuni, ganyen darbejiya ma kafin la'asar ya langaɓe. Abin da ya yi mana aiki busassun kaya ne: zangarniyar gero da ta dawa a cikin tulu, reshen auduga da kaɗarsa a buɗe, busasshen zoɓo mai ja a faifai, goruba a ƙwarya, ganyen dabino a bakin ƙofa. Idan bikin ya faɗo bayan kaka duk wannan kusan kyauta ne, ki aika ƙauye a kawo miki. Bayan biki gero ya tafi wajen kaji, zoɓo a dafa, goruba yara su cinye. Tulu ma kada a raina shi. Matar da hotonta ke bayan naira 20, Ladi Kwali, ginin tukwane ne ya kai ta can.

Wuta kuwa ki yi hattara. Za a ba ki shawarar aci-balbal ko kyandir don su ba da sha'awa. Wurin da ke cike da kaba da busasshen kara da mata masu jan mayafi da yara masu guje-guje, balle a ce hunturu ne ana iska, ba wurin buɗaɗɗiyar wuta ba ne. Ki nemo tsofaffin fitilun ƙwai, a wanke gilashin, a sa ƙaramar fitila mai caji a ciki. Kaskon turare ma a ba mutum ɗaya ya riƙa lura da shi.

Yanzu ga inda zan ɗan saɓa miki. Idan da gaske rage shara kike so, ba a ado take ba. Ki tsaya bayan an watse daga kowane biki ki kalli ƙasa: ledar ruwa, robar lemo, farin mazubin abincin nan na soso, cokulan roba. Wannan ne ke toshe kwata idan damina ta zo, wanda aka tara kuma a cinna masa wuta unguwa ta shaƙa. Jihar Legas ta haramta wannan mazubin soson tun watan Janairun 2024 saboda yadda yake cushe magudanan ruwa. Mu abin da muka yi, mun yi hayar faranti da cokula da kofunan silba daga masu bayar da hayar kujeru, aka zuba abinci a manyan tire mutum huɗu ko biyar, zoɓo da kunun aya a manyan kuloli, muka biya mata biyu suna wanke-wanke a bayan fili. Ba zan ce miki babu wahala ba. Masu son ƙunshe abinci su kai gida sun yi ƙorafi, sai da muka tanadi 'yar leda saboda tsofaffi, don wannan ba yaƙin da za ki ci gaba ɗaya ba ne. Amma abin da aka share bayan taro bai kai rabin wanda muka saba gani ba. Kayan rabo ma mun bar bokitin roba mai hoton amarya da ango. Mun kwaso ragowar ƙyallayen anko daga wurin tela aka ɗinka ƙananan jakunkuna, kowace aka sa turaren wuta da sabulun salo, manyan mata kuma aka ƙara musu mafici. In za ki sa a saƙa miki da yawa, ki ba da kafin alƙalami tun yanzu, masu saƙa a gida suke yi tsakanin girki da raino.

Game da bakin mutane, za su yi magana, ko me kika yi. Abin da na lura shi ne tsafta da tsari su ke raba ado da babu. Tabarma sabuwa, tagulla na ƙyalli, turare mai kyau, abinci wadatacce, ba mai cewa an gaza. Ki jawo uwar ango ko wata babbar gwaggonsa cikin shirin, ki roƙe ta ta ara miki ko da faifai ɗaya ne daga nata kayan. Daga ranar da kayanta ya shiga jeren ta zama mai kare ki a can ɓangaren. Roƙona ɗaya, kada a mayar da abin wasan kwaikwayo irin na ranar ƙauyawa da wasu ke yi, a ɗiga baƙin kwalli a fuska ana kwaikwayon maganar mutanen karkara ana dariya. Matan da suka ara miki kayan nan suna zaune a wurin, kuma da su aka kai su ɗakin miji.

Idan a ɗakin taro na haya za a yi, ki tambaya kafin ki biya ko suna barin mutum ya zo da adonsa, domin wasu sai da mai adonsu, wasu kuma ba sa yarda a rataya komai a bango. A tsakar gida ko filin makaranta kin fi sakewa, sai dai ki duba wata: in damina ce ki tanadi rumfa, ruwa ɗaya ya ishi baba da kaba.

Saura tsaro, kuma kada ki ɗora wa kanki, ranar ba za ki san inda kanki yake ba. Ki samu mace ɗaya mai tsanani a dangi, wadda ba ta jin kunyar cewa a'a. Duk abin da aka aro a rubuta a littafi, a ɗauki hotonsa a waya a gaban mai shi, a manna sunanta a ƙasan kwanon, murfi ma daban, don murfi ne ke fara ɓata. Ita za ta kai kayan, ita za ta tsaya kusa da su lokacin da ake turmutsutsun hoto, kuma da an ɗaga amarya ta kwashe su ta kulle, tun kafin masu shara da masu kwashe kujeru su shigo. Abin da ba shi da madadi, irin awarwaron azurfa ko murjanin kaka, a jikinki zai zauna ko a bar shi gida, ba a kan tebur ba. A mayar wa kowa da kayanta cikin kwana biyu ko uku, a wanke, a haɗa da tukwici da hoton da kayan ya fito a ciki. In wani abu ya fashe a je a faɗa da baki, kada a bari sai ta ƙirga ta gano.