Tsohuwar fistol ta gado: me zan canza ba tare da na taɓa gangar jikinta ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gaji fistol samfurin M1911A1 daga mahaifina, ƙirar Remington Rand ta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ina da lasisinta. Gudumarta, wato ƙarfen bayanta da ke bugawa idan an ja kunama, tana cizon fatar hannuna, sifirin ɗinta kuma ya saki. Ina son sa mata sababbin kaya, amma ina tsoron lalata gangar jikin. An ce mini akwai kayan da sawa kawai ake yi. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinka. Tsoronka yana kan hanya, domin a gangar jikin lambar bindigar take, kuma ƙarfen da magagari ya ci ba ya dawowa.

Sifirin ɗin da ke mayar da saman bindigar gaba bayan harbi ba matsala, sa mai nauyin fam 16, shi ne ma'aunin wannan samfurin. Gidan harsashi da marafan mariƙi ma canza su. Sai dai ka bi sukurorin marafan a hankali, don mazauninsu a dashe yake cikin gangar jiki. Idan ka tilasta, zaren ne zai tafi. Kada kuma ka ba ta harsashi mai ƙarin ƙarfi, ƙarfen wancan zamani bai sha irin gashin na yanzu ba. Faffaɗar jelar ƙarfe da ake sawa ƙarƙashin guduma don maganin cizo kuwa, yawancinta sai an yanke kunnuwan gangar jiki kafin ta zauna. Ka bar ta.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: wai "sawa kawai ake yi". Kusan kullum sai an kawo mini bindigar da wannan maganar ta lalata. John Browning ya tsara ta, sojan Amurka suka karɓe ta a 1911, aka yi mata gyare-gyare a 1924, daga baya kamfanoni barkatai suka yi ta ƙera ta, kowa da ɗan bambancin awonsa. A 1983 ma Colt ya ƙara wa tasa abin tare allurar da ke bugun harsashi, wanda taka ba ta da shi. To ta yaya ƙarfe guda zai dace da dukkansu?

Guduma, da ɗan ƙarfen da ke riƙe ta, da makullin babban yatsa mai hana harbi, tare suke aiki. Ka canza ɗaya, ka taɓa ukun. Sabon makulli da gangan ake barinsa da ɗan kauri domin gwani ya rage shi daidai da bindigar. Sai wani ya kalli bidiyo a intanet, ya ɗauki magagari, makullin ya ƙi shiga, ya koma yana goge ramin gangar jiki! Wani kuma makullin ya shiga, yana ƙara kamar lafiya lau, alhali ba ya tare komai. Na taɓa karɓar wadda da an sauke makulli sai guduma ta faɗi da kanta. Mai ita yana da yara a gida.

Idan cizon ya dame ka, gajeriyar guduma za ta magance shi, amma ƙwararren mai gyaran bindiga mai lasisi ne zai daidaita ta, kuma ka gaya masa tun farko: sabon ƙarfe zai goge, ba gangar jiki ba. Kafin ka karɓa, ya gwada a gabanka babu harsashi: a ɗana guduma, a sa makulli, a ja kunama, a saki, a sauke makulli. Gudumar kada ta motsa ko kaɗan.

Tsofaffin kayan da aka cire, shafa musu mai, ka rubuta wa kowanne sunansa, ka adana su wuri guda.