Ƙafar da ba ta jin ƙusa, me ya sa take hana barci da raɗaɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata shekararta 59, kuma shekara 11 ke nan tana fama da ciwon suga. Tun bara take kukan tafin ƙafafunta suna yi mata zafi da dare kamar an shafa barkono, ko mayafi ba ta son ya taɓa su. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne kwanan baya ta taka ƙusa a tsakar gida, ba ta sani ba sai da muka ga jini. Farasitamol da dikulofenak ba su yi mata komai ba. Likita ya rubuta mata amitiriftilin, amma da ƙanena ya duba a intanet ya ga maganin ciwon damuwa ne, sai ta ce ita lafiyar hankalinta ƙalau, ta ajiye shi. Mai kemis ɗin unguwarmu kuma ya ce a gwada tiramol. Ta yaya ƙafar da ba ta ji za ta yi ciwo? Kuma har yanzu masu bincike ba su gano maganinsa ba? Daga wata malamar makaranta a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyar da kike yi da ita. Ban duba ta da idona ba, saboda haka hukuncin ƙarshe na likitanta ne, amma abin da kika zayyana ya yi daidai da lalacewar jijiyoyin ji da ciwon suga kan jawo idan ya daɗe a jiki. Sai na fara da gyara wani ruɗani da harshenmu ke jawowa, domin a Hausa kalmar jijiya ɗaya ce muke kiran hanyar jini da ita, da igiyar da ta ɗaure nama da ƙashi, da kuma zaren da ke kai saƙo tsakanin jiki da ƙwaƙwalwa. Sau da yawa idan na ce wa majiyyaci ciwon jijiya ke damunsa, sai ya ɗauka jini ne ba ya gudana, ya tafi neman mai ƙaho. Jijiyar da nake nufi a nan ita ce ta saƙo.

Wannan jijiya da lantarki take aiki, kuma ba kwatance nake yi ba. A shekarar 1952 wasu masana biyu na Ingila, Alan Hodgkin da Andrew Huxley, suka wallafa sakamakon awon da suka yi a jijiyar wata halittar teku mai suna sikwid, wadda kaurin zarenta ya isa a zura siririyar waya a cikinsa. Sun nuna cewa saƙo yana tafiya ne idan sinadarin sodiyam, wanda muke samu a gishiri, ya kwarara cikin zaren, sannan fotashiyam ya fito, kuma sun rubuta lissafin hakan kamar yadda injiniya ke lissafin wayar wuta. Aikin ya samar musu kyautar Nobel a 1963, kuma daga baya aka tabbatar da cewa akwai ƙananan ƙofofi a jikin zaren masu buɗewa da rufewa, su ke barin sodiyam ɗin ya wuce. Ki riƙe maganar ƙofofin nan, domin wani babban ɓangare na binciken ciwo na zamaninmu a kansu ya tsaya.

Zaren da ya fi kowanne tsawo a jikin ɗan Adam shi ne wanda ya taso daga ƙasan gadon baya ya sauka har babban yatsan ƙafa, kusan mita guda, kuma duk abincinsa da kayan gyaransa daga can sama ake turo masa. Idan suga ya yi shekaru yana da yawa a jini, yakan lalata zaren kansa, ya kuma ƙuntata ƙananan hanyoyin jinin da ke shayar da shi, kuma kamar unguwar da ke ƙarshen bututun famfo, wurin da ya fi nisa shi ke fara rasawa. Wannan ne dalilin da ya sa ciwon ke farawa daga yatsu, a ƙafafu biyun tare, ya riƙa hawa a hankali kamar ana sa safa, kuma galibi sai ya doshi gwiwa kafin yatsun hannu su fara.

Zaruruwan da ke ƙafa ɗaya dubbai ne, kuma ba rana ɗaya suke mutuwa ba. Wasu sun riga sun mutu, shi ya sa ƙusa ta shiga babu wanda ya kai labari. Wasu kuwa sun ji rauni amma suna da rai, kuma zaren da ya ji rauni yakan tara ƙofofin sodiyam a inda bai kamata ba, har ya dinga tura saƙo shi kaɗai alhali babu abin da ya taɓa fata. Ita ƙwaƙwalwa ba ta da hanyar sanin daga wane wuri a kan hanya saƙon ya taso, abin da ta sani kawai shi ne wannan layin na tafin ƙafa ne. Kin taɓa buga gwiwar hannu da bakin ƙofa, kika ji wuta ta tsarga miki har ƙaramin yatsa, alhali yatsan ba abin da ya same shi? Abin da ke faruwa da Hajiya ke nan, sai dai nata ba ya wucewa. Har wanda aka yanke wa ƙafa ɗungurungum yakan yi kukan yatsun da babu su suna yi masa zugi.

Kwatancen barkono da ta yi ya burge ni, domin ta faɗi gaskiyar kimiyya ba tare da ta sani ba. A 1997 David Julius da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka gano wata ƙofa a bakin siraran zaruruwan ji, aka sa mata suna TRPV1, wadda abu biyu ke buɗe ta: sinadarin kafsaisin mai sa barkono yaji, da zafin da ya haura kusan digiri 43 a ma'aunin Salshiyos. Wato ga jijiya, barkono da ruwan zafi layi ɗaya suke bi, kuma wannan layin ne ke kiran ƙarya a ƙafar Hajiya. Julius ya raba kyautar Nobel ta 2021 da Ardem Patapoutian, wanda ya gano ƙofofin da ke jin taɓawa da matsi. Batun mayafi kuma daga lakar gadon baya yake. Tun 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo bayanin cewa laka tana tace saƙon ciwo kafin ya wuce sama, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna idan aka daɗe ana yi mata ruwan saƙonni, sai ta zama mai saurin firgita, har shafar tufa ta fassara ta da ƙuna. Da dare kuwa, da hidimar gida ta ɗauke, babu sauran abin da zai raba hankali da ciwon.

Labarin da ya fi tayar da hankalin masu bincike daga Pakistan ya fito. Akwai wani yaro da ya yi suna da wasa a bakin titi, yana soka wuƙa a hannunsa yana taka garwashi, ba ya jin komai, kuma ya rasu yana ɗan shekara 14 bayan ya yi tsalle daga rufin gida. Ta dalilinsa masana daga Jami'ar Kambirij, ƙarƙashin Geoffrey Woods, suka binciki yara 6 daga iyalai 3 a arewacin ƙasar, suka wallafa a 2006 cewa dukkansu ƙwayar gado ɗaya ce ta lalace, mai suna SCN9A, wadda ke ƙera ƙofar sodiyam da ake kira Nav1.7. Yaran suna jin taɓawa, suna bambance ɗumi da sanyi, hankalinsu daidai, ciwo ne kaɗai ba su sani ba, kuma tun suna ƙanana sun ciji leɓɓansu da harsunansu. Shekara biyu kafin nan, a 2004, likitoci a ƙasar Sin sun gano akasin haka a wannan ƙwayar gadon: mutanen da ƙofar tasu ke buɗewa da wuri, ƙafafunsu su yi ja su yi ta ƙuna, har su riƙa tsoma su cikin ruwan ƙanƙara. Sai kowa ya ce an gama, a nemo ƙwayar da za ta toshe Nav1.7 kawai. Kamfanoni suka zuba dukiya fiye da shekara 10, amma magungunan da aka gwada a jikin mutane ba su cika alkawari ba, kuma ɗaya daga dalilan shi ne ƙofofin sodiyam iri 9 ne masu kama da juna, ciki har da ta zuciya da ta ƙwaƙwalwa, toshe ɗaya a bar sauran aiki ne mai wuya. Sai a watan Janairun 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da suzetirijin, wanda ke toshe 'yar'uwarta Nav1.8, shi ma don ciwo na ɗan lokaci irin na bayan tiyata. Ban ga dalilin da zai sa ku zauna jiransa ba.

Farasitamol da dikulofenak sun kasa ne saboda an yi su don ciwon da ya taso daga rauni ko kumburi, alhali a nan mai kai saƙon ne ya rikice. Dikulofenak ma ina roƙon a daina ba ta, domin yana cutar da ƙoda da ciki, ita kuwa ƙodar mai ciwon suga a kan siraɗi take. Amitiriftilin da ta ajiye shi ne ya dace da irin ciwonta. Gaskiya ne don ciwon damuwa aka fara yin sa, amma akwai wasu zaruruwa da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa zuwa laka suna danne saƙon ciwo, kuma maganin yana ƙarfafa su, yana kuma lafar da ƙofofin sodiyam. Ko a awo akwai bambanci, domin mai ciwon jijiya akan fara masa da miligiram 10 zuwa 25 da dare, mai ciwon damuwa kuwa yakan buƙaci ninkin haka sau da yawa. Ki gaya wa Hajiya likitanta bai zarge ta da taɓin hankali ba, kodayake a ganina ya kamata ya yi mata wannan bayanin kafin ya miƙa takardar. Maganin yana ɗaukar makonni kafin a ga amfaninsa, yana sa barci da bushewar baki da taurin bayan gida, kuma bai dace da mai wasu cututtukan zuciya ba, saboda haka a koma wurin likitan kafin ta ci gaba da sha.

Ba zan ɓoye miki iyakar magungunan nan ba. Wani babban nazari na 2015 da ya tattara gwaje-gwaje 229 ya nuna cewa a firegabalin da gabafentin da duloksetin, waɗanda su ma ake bayarwa don ciwon jijiya, sai an ba mutum 6 zuwa 8 kafin a sami ɗaya da ciwonsa ya ragu sosai albarkacin maganin kansa, ban da waɗanda za su ji sauƙi ko da ƙwayar da ba komai cikinta aka ba su. A dangin amitiriftilin adadin kusan 4 ne. A 2022 kuma wani gwaji da Farfesa Solomon Tesfaye na Shefil ya jagoranta a Birtaniya ya kwatanta farawa da amitiriftilin ko firegabalin ko duloksetin, aka ga sauƙin kusan ɗaya ne, a ma'aunin maki 10 ciwon ya sauko daga kusan 6.6 zuwa 3.3 cikin mako 16, kuma waɗanda magani ɗaya bai ishe su ba sun sami ƙarin sauƙi da aka haɗa musu biyu. Abin da nake ɗauka daga wannan shi ne mafi arha a cikinsu bai gaza masu tsada ba, kuma abin da muke nema wa Hajiya shi ne ciwon ya ragu ta sami barci. Tiramol kuwa, kin san abin da ya yi wa matasanmu. Yana kama jiki, amfaninsa na raguwa da daɗewa, kuma haɗa shi da amitiriftilin ko duloksetin na iya jawo jijjiga da rikicewa mai haɗari.

Idan kun koma asibiti, ki nemi a auna mata sinadarin bitamin B12, musamman idan ta daɗe tana shan maganin suga mai suna metfomin, domin yana rage shi, kuma ƙarancinsa shi kaɗai yana lalata jijiya alhali ana iya cike shi. A duba ƙodarta, a tambaya ko ta taɓa shan maganin tarin fuka, a kuma daidaita sugan a hankali, saboda saukar da shi da gaggawa yakan tayar da ciwon na ɗan lokaci.

Duk da haka, a cikin wasiƙarki ƙusar ce ta fi damuna, domin ƙafafun da nake gani ana yankewa galibi daga irin wannan ƙaramin rauni suke farawa, ko daga faso, ko daga rezar mai yankan farce. A kai ta a duba wurin a makon nan ko da ya yi kamar ya rufe, a tambaya batun allurar tetanus, kuma idan ya kumbura ko ya yi ja ko ya fara wari, kada a kwana. Daga yanzu kada ta sake taka ƙasa ba takalmi ko a cikin ɗaki, balle simintin tsakar gida da rana tsaka, kuma a zazzage takalmin kafin ta sa. Bayan alwala ta goge tsakanin yatsu ya bushe. Idan hunturu ya shigo, a nisanta ƙafafunta da kaskon wuta, kuma ke ko wani ya gwada ruwan ɗumi da gwiwar hannu kafin ta zuba. Kada a yarda da tsaga ko ƙaho a ƙafar. Kowane dare kafin ta kwanta, ki haska tafin da tocila ki duba har tsakanin yatsu, kuma ki roƙe ta ta haƙura da lalle a tafin ƙafa, domin yana ɓoye jan da muke so ki gani da wuri.